Auguste Piccard (1884–1962): Malamin da Ya Hau Sama, Ya Kuma Nutsa Teku

Gabatarwa

A ƙasar Hausa sana'a aba ce da ake gada. Ɗan maƙeri yakan tashi a gindin zuga-zugi, ɗan marini a bakin karofi, ɗan sarkawa kuwa tun bai yi wayo ba ya san kwale-kwale da koma. Saboda haka idan aka ga yaro ya ƙware a aikin gidansu ba a yin mamaki, sai a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai akwai tambayar da ba a cika tsayawa a yi ba, watau mene ne ainihin abin da uba yake miƙa wa ɗa idan an ce ya gaje shi. Suna ne, ko kayan aiki, ko kuwa wata hanya ta tunani da aiki da hannu?

Tarihin wani gida na ƙasar Suwizalan, gidan Piccard, ya isa a duba shi don neman amsar wannan tambaya. Kakan gidan, Auguste Piccard, ya hau sama da balan-balan zuwa inda ɗan Adam bai taɓa kaiwa ba a shekarar 1931. Ɗansa Jacques ya sauka wuri mafi zurfi a tekunan duniya a 1960. Jikansa Bertrand ya kewaye duniya da balan-balan ba tare da ya sauka ba a 1999. Wanda ya ji wannan jeri zai ɗauka ƙarfin hali ne kawai yake bin jinin gidan. Wannan maƙala za ta bi rayuwar Auguste daki-daki, don a ga cewa abin da ya bar wa zuriyarsa dabara ce guda ɗaya wadda ya yi shekara talatin yana gyara ta, tare da ɗabi'ar lissafa haɗari kafin a shige shi.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Auguste Piccard a birnin Basel ran 28 ga Janairu, 1884. Tagwaye ne shi da ɗan'uwansa Jean, kuma kamarsu ɗaya. Mahaifinsu, Jules Piccard, shaihun malami ne na ilmin haɗa sinadarai a Jami'ar Basel, watau dai yaran sun buɗe ido ne a gidan da awo da gwaji suke cikin hirar yau da kullum. Da suka isa shiga makarantar gaba, sai dukansu biyu suka tafi babbar makarantar fasaha ta tarayya da ke Zurich. Jean ya bi sawun uba ya karanci haɗa sinadarai, shi kuwa Auguste ya fara da ilmin ƙera injuna, daga baya ya koma ilmin fizik har ya sami digirin dakta. Haɗuwar waɗannan fannoni biyu ita ce ta bambanta shi da yawancin malaman zamaninsa, domin kuwa idan tunani ya nuna masa wata tambaya, da kansa yake zana na'urar da za ta amsa ta.

Tun yana matashi yake sha'awar balan-balan, irin babban nan da ake cikawa da iska marar nauyi a rataya masa kwando mutane su shiga. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a rukunin balan-balan na sojan ƙasarsu. Ya auri Marianne Denis a 1920, suka haifi 'ya'ya biyar, Jacques ne kaɗai namiji. A 1922, shekarar da aka buɗe Kwalejin Katsina, aka naɗa shi farfesan fizik a Jami'ar Birasels ta ƙasar Beljiyam, kuma a wannan shekara ce aka haifi Jacques. A 1926 ya ɗauki na'urorin awon haske ya hau da su cikin balan-balan don ya jarraba wani sashe na nazarin Albert Einstein, sakamakon kuwa ya goyi bayan Einstein. A 1927 yana cikin manyan masana da suka halarci taron Solvay a Birasels tare da Einstein da Marie Curie.

Matsalar Hawa Sama

Abin da ya ja hankalin Piccard zuwa can sama shi ne wani irin tartsatsi da ido ba ya gani, wanda yake faɗowa duniya daga sararin samaniya. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Victor Hess, shi ya gano shi a 1912 sa'ad da ya hau balan-balan zuwa kimanin mita 5,300, ya lura cewa ƙarfinsa yana ƙaruwa gwargwadon yadda aka yi sama. Dalili kuwa shi ne iskar da ke lulluɓe da duniya tana tare mafi yawansa. Duk mai son ya auna shi sosai, dole ne ya bar mafi yawan iskar nan a ƙarƙashinsa, ya shiga ɓangaren sama da masana suke kira sitiratosfiya, inda babu hadari babu ruwan sama.

A nan ne wuyar take. Iska tana da nauyi, kuma tana danne kowane abu da ke doron ƙasa, sai dai an saba da ita ba a ji. Idan mutum ya kai mita 5,500, rabin wannan matsi ne ya rage. Idan ya kai mita 16,000, kashi ɗaya cikin goma ne kacal. Huhu ba ya iya tsotsar abin da jini ke bukata a irin wannan wuri, sai mutum ya sume bai ma san yana sumewa ba. Mutane sun riga sun biya da rayukansu. A 1875 Faransawa uku suka hau da balan-balan mai suna Zénith suka wuce mita 8,000, biyu suka mutu, Gaston Tissandier kaɗai ya dawo da rai. A watan Nuwamba na 1927 wani kyaftin na sojan Amurka, Hawthorne Gray, ya haura mita 12,000 a buɗaɗɗen kwando yana shaƙar oksijin daga tulu, washegari aka tsinci gawarsa a cikin kwandon.

Piccard ya duba waɗannan asarori ya ga cewa kwandon ne ya kamata a sauya. Maimakon a kai mutum cikin iskar da ba za ta raya shi ba, sai a rufe shi a ɗakin da iska ba ta fita, ya tafi da irin matsin da ya saba da shi a ƙasa. Ya zaɓi siffar ƙwallo, domin ita ce siffar da take raba matsi daidai a ko'ina, ba ta da kusurwar da za ta fara tsagewa. Wata ma'aikata a birnin Liège ta ƙera masa ƙwallon da sanholo, faɗinsa mita 2.10, kaurin bangonsa milimita uku da rabi, da 'yan tagogi na gilashi. Ya sa na'urar da ke tsotse gurɓatacciyar iskar numfashi ta ƙara sabuwa, irin wadda ake amfani da ita a jiragen ƙarƙashin ruwa. Kuɗin aikin ya fito ne daga asusun binciken kimiyya na ƙasar Beljiyam wanda aka kafa a 1928 bisa kiran Sarki Albert na Ɗaya, kuma da harufan sunan asusun aka raɗa wa balan-balan ɗin suna FNRS.

Tafiyar 27 ga Mayu, 1931

An ɗinka balan-balan ɗin a birnin Augsburg na Jamus, yana ɗaukar mita 14,000 na murabba'in sukutum na iskar haidirojin. Kashi ɗaya cikin biyar kawai ake cika shi a ƙasa, don iskar tana kumbura yayin da ake yin sama, sai ta cika shi fam a can. Yunƙurin farko a watan Satumba na 1930 bai yiwu ba saboda iska ta hana tashi, kuma wasu jaridu suka mai da farfesan abin dariya. Da hukumomin Jamus suka nace sai matafiyan sun sa hular kariya, sai shi da mataimakinsa Paul Kipfer suka kifa kwandunan saƙa a ka, suka cusa matasan zama a ciki.

Da asubahin 27 ga Mayu, 1931, kafin ƙarfe huɗu, balan-balan ya tashi daga Augsburg tun mutanen biyu ba su gama shiri ba. Cikin kusan rabin sa'a sun wuce mita 15,000. Tun suna hawa suka ji iska tana tsiyayewa ta wata kafa da ta buɗe a jikin ƙwallon, Piccard ya toshe ta da zaren buhu da man basilin da ya riga ya tanada don irin wannan rana. Ƙarshen hawansu ya kai mita 15,781. Idan aka ɗauki Hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta yake kusan mita 15, sai an ɗora irinta fiye da dubu bisa juna kafin a kai inda suka kai. Wannan kuwa ya faru ne shekara shida ba ta cika ba da saukar jiragen sama na farko a Kano a watan Nuwamba na 1925.

Saukowa ita ce ta zama jidali. Igiyar da ake ja a buɗe bawul don a rage haidirojin ta sarƙe, daga baya ta tsinke, ba su da sauran hanyar da za su sa balan-balan ya yi ƙasa. An shafa wa ƙwallon baƙin fenti a gefe ɗaya, ɗaya gefen aka bar shi fari, da nufin a riƙa juya shi ga rana don daidaita zafi, amma injin juyawar ya ƙi aiki, zafi a ciki ya doshi digiri 40. Ruwan shansu ya ƙare, sai raɓar da numfashinsu ya tara a bango suke tattarawa. Ma'aunin matsin iska ya fashe, zaiba ta zube a ƙasan ƙwallon, ita kuwa zaiba tana cin sanholo. Sai suka jona tiyo da wani famfo mai fita waje, rashin iskar waje ya zuƙe ta. Suka rage yawan oksijin da suke sha, suka zauna jiran faɗuwar rana, don lissafi ya nuna musu cewa idan haidirojin ya huce balan-balan zai sauko da kansa. Haka kuwa aka yi. Wajen ƙarfe tara na dare, bayan sa'a 17, suka faɗa bisa shimfiɗar ƙanƙara a duwatsun Ostiriya, kusa da ƙauyen Obergurgl. A nan suka kwana, duniya kuwa ta riga ta fid da rai da su, har washegari mutanen ƙauyen suka hau suka tarye su.

An lasafta Piccard da Kipfer a matsayin mutanen farko da suka shiga sitiratosfiya. Awon da suka samu bai taka kara ya karya ba saboda wahalhalun tafiyar, amma an tabbatar da abin da ya fi awon muhimmanci: mutum zai iya rayuwa a rufaffen ɗaki a wurin da iskar waje za ta kashe shi cikin ɗan lokaci.

Tafiya ta Biyu da Rawar Ɗan'uwansa

Piccard ya gyara kurakuran da ya gani, ya sake tashi ran 18 ga Agusta, 1932, daga Dübendorf kusa da Zurich, tare da wani matashin masani ɗan Beljiyam, Max Cosyns. A wannan karo an shigo da igiyar bawul cikin ƙwallon ta hanyar da ba za ta sarƙe ba, aka kuma shafa masa farin fenti gaba ɗaya, sai sanyi ya maye gurbin zafi. Sun kai mita 16,201, sun yi awon tartsatsin samaniya yadda suke so, suka sauka lafiya kusa da Tafkin Garda a arewacin Italiya.

Shi kuwa Jean ya riga ya koma Amurka da zama. Ran 23 ga Oktoba, 1934, shi da matarsa Jeannette suka tashi daga Dearborn a jihar Michigan suka kai kimanin mita 17,500. Jeannette ce take tuƙi, mijin yana kula da na'urori, kuma ita ce mace ta farko da ta shiga sitiratosfiya. Ɗansu Don ya ci gaba da sana'ar, har a 1963 shi da Ed Yost suka zama na farko da suka ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da balan-balan mai aiki da iska mai zafi. Ta nan gadon ya yi rassa biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka.

Juya Dabara Zuwa Ƙarƙashin Teku

Tun yana ɗalibi a Zurich Piccard yake tunanin zurfin teku, kafin ma ya waiwayi sama. Matsalar teku kishiyar ta sama ce. A sama matsin waje ragewa yake yi, sai iskar ciki ta nemi fasa ƙwallon ta fita. A ruwa kuwa kowace mita goma da aka nutsa tana ƙara nauyin da ya kai na dukan iskar da ke bisa kan mutum, sai ruwa ya nemi murƙushe ƙwallon ya shiga. Amurkawa biyu, William Beebe da Otis Barton, sun kai mita 923 kusa da tsibirin Bamuda a watan Agusta na 1934, cikin ƙwallon ƙarfe da aka zura da igiyar waya daga jirgin ruwa, kamar yadda ake zura guga a rijiya. Aibin wannan hanya a fili yake: gwargwadon zurfi gwargwadon nauyin igiya, kuma ranar da ta tsinke babu mai dawowa.

Piccard ya ga cewa balan-balan ba ya bukatar igiya, don haka sai a ƙera balan-balan na ruwa. A maimakon haidirojin ya sa man fetur cikin wani babban tanki, domin fetur bai kai ruwa nauyi ba, kuma ba ya matsewa da yawa komai dannin da aka yi masa. An bar ƙasan tankin a buɗe ga ruwan teku, saboda matsin ciki da na waje su zama ɗaya, bangonsa ba ya bukatar kauri. A ƙarƙashin tankin aka rataya ƙwallon ƙarfe mai kauri inda mutane biyu za su zauna, da tagogin roba mai haske da aka yanka da siffar mazurari, yadda ruwa na ƙara danna su suna ƙara toshe gurbinsu. Don nutsewa ana loda wa jirgin tan-tan na ƙananan ƙwayoyin ƙarfe. Don tasowa sai a zubar da su. Ya kira wannan jirgi batiskaf, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin zurfi da jirgi.

Wurin da hikimarsa ta fi bayyana shi ne yadda ake riƙe ƙwayoyin ƙarfen. Maganaɗisun lantarki ne yake manne su a bakin mazubinsu. Muddin akwai wuta suna nan. Da zarar wuta ta ɗauke, ko da gangan ko don batir ya mutu ko waya ta tsinke, sai su zube, jirgi ya taso da kansa. Watau lalacewar na'ura ita ce take maido da mutanen gida. Mutumin da igiya guda ta taɓa tsare shi yini guda a sama yana kallon oksijin ɗinsa yana ƙarewa, shi ne ya zana wannan tsari.

Gwaji a Gaɓar Afirka ta Yamma

An fara aikin a 1937 da taimakon asusun nan na Beljiyam, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da shi. Bayan yaƙi aka kammala jirgin, aka sa masa suna FNRS-2. A 1948 jirgin ruwa mai suna Scaldis ya ɗauko shi zuwa Dakar, daga can aka nufi tsibiran Kef Bade. Ran 26 ga Oktoba Piccard, yana da shekara 64, ya shiga tare da Théodore Monod, shugaban cibiyar binciken Afirka ta Faransawa da ke Dakar, suka nutsa mita 25 kawai don gwada kayan aiki. Ran 3 ga Nuwamba aka saki jirgin babu kowa a ciki, da agogon da zai yanke wuta idan lokaci ya yi. Ya kai mita 1,380 ya dawo, ƙwallon bai yi ko ɗigo ba. Amma tankin fetur ɗin bai jure dukan igiyar ruwa a saman teku ba, ya lalace, aka dakatar da gwajin.

Masu jiran labarin bajinta suka ce an faɗi. Shi kuwa Piccard abin da ya je nema ya samu, don jirgi ya nutsa ba igiya ya kuma taso. Sojan ruwan Faransa suka karɓi ƙwallon suka gina masa sabon tanki a Toulon, aka kira shi FNRS-3, Piccard yana mai ba da shawara. Zaman bai yi daɗi ba, aka rabu. Da wannan jirgi ne hafsoshin Faransa biyu, Georges Houot da Pierre Willm, suka kai mita 4,050 a tekun da ke yamma da Dakar ran 15 ga Fabrairu, 1954.

Uba da Ɗa

Jacques bai fara da aikin injiniya ba. Tattalin arziki ya karanta a Jami'ar Janiba. Sai dai ya raka mahaifinsa tafiyar 1948, kuma yana wani bincike a birnin Trieste ne aka yi masa tayin cewa masana'antun Italiya za su taimaka a gina sabon batiskaf. Ya ajiye aikinsa ya koma wajen uba. An ƙera ƙwallon a Terni, tankin a Monfalcone, aka harhaɗa su kusa da Napoli, aka sa wa jirgin sunan birnin Trieste. Uba ne mai zane da lissafi, ɗa ne mai bin ma'aikatu yana duba kowane ƙusa, da neman kuɗi, da tuƙi. Ran 30 ga Satumba, 1953, su biyun suka sauka mita 3,150 a Bahar Rum kusa da tsibirin Ponza. Auguste yana da shekara 69, kuma ya zama mutumin da ya taɓa fin kowa hawa sama, ya kuma fi kowa nutsewa a teku.

Kula da irin wannan jirgi ya fi ƙarfin aljihun malamin jami'a. A 1958 sojan ruwan Amurka suka saye shi, suka ɗauki Jacques ya ci gaba da tuƙa shi, aka kuma sa masa sabon ƙwallo daga ma'aikatar Krupp ta Jamus, kaurin bangonsa ya kusa santimita 13. Ran 23 ga Janairu, 1960, Jacques da Laftanar Don Walsh suka nutsa a kwazazzabon Mariana da ke Tekun Pasifik. Sun yi kusan sa'a biyar suna sauka. Wajen mita 9,000 suka ji wata ƙara ta girgiza jirgin, daga baya suka gane wata taga ce ta waje a mashigar jirgin ta tsage. Suka duba ma'aunai suka ga ƙwallon lafiya yake, suka ci gaba har suka taɓa ƙasa a kimanin mita 10,916, inda ruwa yake danna fiye da tan guda a kan kowane fili mai faɗin farcen yatsa. Da za a jefa Dutsen Everest a wannan rami, da sai ƙololuwarsa ta rage kilomita biyu ta isa saman ruwa. Minti 20 suka yi, suka yanke wutar maganaɗisu, suka taso cikin sa'a uku da kwata. Jacques ya ba da rahoton ganin wani kifi mai faɗi a can, ko da yake masana halittun ruwa na baya sun fi ganin wata halitta ce daban. Ba a sake samun wanda ya sauka wurin ba sai James Cameron a watan Maris na 2012.

Halinsa da Rasuwarsa

Piccard dogo ne ƙwarai, ya kusa mita biyu, siriri, mai dogon wuya da sanƙo da gashi a bazu ta gefe, ga tabarau. Mai zanen barkwancin nan na Beljiyam, Hergé, ya sha ganinsa a titunan Birasels, kuma daga siffarsa ya samo wani farfesa mai mantuwa da ya sa a labaran Tintin. Wannan hoto na malamin da hankalinsa ba ya tare da shi ya bi shi har yau, alhali ayyukansa suna nuna akasin haka. Kowane sashe na jiragensa sai ya lissafa nauyin da zai ɗauka, ya gwada shi babu mutum, sa'an nan ya shiga da kansa kafin ya yarda wani ya shiga. A duk tafiye-tafiyen da ya jagoranta, sama da ƙasa, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Ya bar koyarwa a Birasels a 1954 ya koma Suwizalan. Yana raye ya ji labarin saukar ɗansa a Mariana. Ya rasu a Lausanne a watan Maris na 1962 yana da shekara 78, ɗan'uwansa Jean kuwa ya bi shi a watan Janairu na 1963.

Abin da Ya Bari

Jacques ya gina wani jirgin ƙarƙashin ruwa da mahaifinsa ya fara tunaninsa, ya sa masa sunan uban, wanda ya ɗauki mutane fiye da 30,000 yawon kallo a ƙarƙashin Tafkin Janiba lokacin bajekolin ƙasa na 1964. A 1969 ya jagoranci mutum shida suka yi kwana 30 a cikin ruwa suna bin wata igiyar teku a gabashin Amurka. Ya rasu a 2008.

Bertrand, wanda aka haifa a 1958, likitan tabin hankali ne. Sau biyu yana gwada kewaya duniya da balan-balan yana kasawa, a 1997 da 1998. A karo na uku, shi da Baturen Ingila Brian Jones, suka tashi daga Suwizalan ran 1 ga Maris, 1999, cikin rufaffen ɗaki irin wanda kakansa ya fara. Sun kammala zagayen a sararin Muritaniya, suka ratsa hamadar da ke arewa da ƙasar Hausa, suka sauka a Masar ran 21 ga Maris, bayan kusan kwana 20 da tafiyar fiye da kilomita 40,000. Da kuɗin kyautar da suka ci suka kafa gidauniyar Winds of Hope don yaƙi da cutar noma, mai zaizaye baki da fuskar yaran da ba su samun isasshen abinci, kuma Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashen da ta yi aiki. Tsakanin 2015 da 2016 Bertrand da André Borschberg suka kewaye duniya zango-zango da jirgin sama mai aiki da hasken rana, ba tare da ɗigon mai ba.

Kammalawa

Idan aka jera ayyukan gidan nan za a ga zare ɗaya ne ya ratsa su: rufaffen ɗaki mai riƙe wa mutum iskarsa, abu marar nauyi da zai ɗaga shi, nauyin da za a zubar idan ana son tashi, da tsarin da zai sa ɓacin na'ura ya zama hanyar tsira. Wannan shi ne gadon, kuma ba a jini aka same shi ba, domin Jacques sai da ya bar tattalin arziki ya yi shekaru yana koyo a gaban uba, kamar yadda ɗan maƙeri yake fara da zuga kafin a ba shi masaba. Kowane tsara kuma ya ƙara abin da na gabansa bai yi ba.

Gadon bai tsaya a gidan ba. Alhazan da suke tashi daga filin jirgin saman Katsina zuwa Jidda suna tafiya ne a tsawon da ya wuce mita 10,000, sama da inda mutanen Zénith suka mutu a 1875, suna cin abinci suna barci, saboda cikin jirgin a rufe yake kuma ana riƙe masa matsin iska. Injiniyoyi da yawa ne suka kai wannan fasaha inda take a yau, amma Piccard da Kipfer ne suka fara sa rayukansu a kai suka nuna tana aiki, da safiyar 27 ga Mayu, 1931.